ZAMAN GARI: Yaro mai nauyin fahimta shi ma shina iya sana'a

Kaka ta wuce. Hatsi ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu. A ƙasar Ƙonni da Adar samari sun fara ɗaurin kaya, wasu za su Nijeriya, wasu za su Abijan. Masu garka sun sauka fadama wajen dashen albasa. Mata sun jiƙa kaba, masu ginin tukwane sun ɗebo yumɓu. Kowa ya san aikin da za shi yi da rani.

Amma akwai wanda ba a ƙidaya shi cikin masu aiki. Kusan kowane gari da kowace ruga suna da irinshi. Shekarunshi goma sha biyar, amma maganarshi ta ɗan shekara biyar ce. An kai shi lakwal, mushe ya ce ba shi ganewa. An kai shi makarantar allo, ya shekara biyu bai ƙare babbaƙu ba. Yanzu shina zaune ƙofar gida tun safe har marece. Yara suna tsokanarshi. Manya suna kiranshi wawa, ko dolo, ko gaɓo. In ɗiya mace ce, sai a ɓoye ta cikin ɗaki. Wani kuma a kai shi tashar mota ta Ƙonni ko bakin kasuwar Badagishiri, a ba shi kwano shi yi bara.

Uwar irin wanga yaro ba ta barci da daɗi. Tambaya guda ke cin ranta: ran da ta kwanta dama, wa za shi riƙe shi, kuma mi za shi ci? Filin wanga wata a kan wagga tambaya shike.

Mine ne nauyin fahimta?

Likitoci suna kiran wagga larura naƙasar fahimta. Ƙwaƙwalwar yaron ce ke koyon abu sannu-sannu. Shikan yi jinkirin zama, da tafiya, da magana. Karatu da lissafi suna yi mishi wuya. Wani larurarshi kaɗan ce, wani da yawa.

Ba hauka ba ce. Mai taɓin hankali da can lafiyarshi lau, ciwo ya same shi daga baya, kuma magani shina iya maido shi. Mai nauyin fahimta kuwa haka shike tun shina ƙarami. Ba ɗan ruwa ba ne. Ba aikin iskoki ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba laifin uwa ba ne.

Abubuwan da ke kawo ta sanannu ne. Akwai doguwar naƙuda, in jariri ya daɗe bai yi numfashi ba. Akwai shawara mai tsanani cikin kwanakin farko na haifuwa. Akwai sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Akwai yunwa mai tsanani lokacin ƙuruciya. Akwai rashin sinadarin iyod a jikin mai ciki, shi ne rashin da ke kawo maƙoƙo. Don haka awon ciki, da haifuwa a gidan likita, da gidan sauro, da gishiri mai iyod, duk kariya ce. Haka ma lamba: tun 2010 Nijar ta shiga cikin ƙasashen farko da sunka yi sabuwar allurar rigakafin sanƙarau.

Akwai kuma wadda ake haifuwar yaro da ita, likitoci suna ce mata tirizomi 21. Cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai ƴan zaruruwa na gado guda 46, ido ba shi ganinsu. Mai tirizomi shina da 47. A Paris anka gano haka cikin 1959. Ana samun kamar jariri guda cikin dubu da ita, a kowace ƙasa da kowace ƙabila.

Babu allura, ko ƙwaya, ko saiwa, ko turare da ke cire nauyin fahimta. Wanda ya ce a kawo akuya shi maida yaron daidai, akuyar kawai shike so. Amma abu biyu sun kamata a kai gidan likita. Na farko, a duba kunnen yaron da idonshi, don wani rashin ji ne ke hana shi koyo. Na biyu, in shina farfaɗiya a nemo mishi magani. Farfaɗiya tana da magani, kuma ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓa jiki. Gidan likita na kusa shi ne matakin farko. Daga nan ana turawa Ƙonni, ko Illela, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, ko babban asibitin Tawa.

Amfanin zane, da gini, da kiɗa

Larurar ba ta fita, amma yaron shina koyo har tsufanshi. Kuma sau da yawa hannunshi da kunnenshi sun fi bakinshi saurin koyo. Likitoci sun daɗe da lura da haka. Cikin 1942 wani mai zane na Ingila, Adrian Hill, wanda ya yi jinyar tarin fuka, ya ga zane shina sauƙaƙa wa majinyata zaman asibiti. Shi ne ya raɗa wa abin suna jinya ta hanyar zane. Yau a ƙasashe da yawa akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan: su zauna da naƙasassu, a yi zane, a yi gini da yumɓu, a yi kiɗa da rawa.

Ga yadda abin ke aiki. Yaron da ke murza yumɓu, yatsunshi suna ƙarfi. Gobe za shi iya ɗaure wandonshi, shi riƙe ludayi bai zubar ba. Yaron da ke saƙa shina koyon zama wuri guda, shina koyon wanga kafin wancan. Wanda ba shi iya faɗin abin da ke damunshi shikan yi fushi, shi fasa kaya, ko shi ciji hannunshi. In ya samu ganga ko gawayin zane, fushin shina samun hanyar fita. Waƙa mai amshi tana jawo magana, don yaro shikan riƙe amshi tun bai iya haɗa magana ba. Kiɗa cikin jama'a shina koya mishi jiran lokacinshi.

Babban amfani kuwa shi ne wanga: ran da ya ɗaga abin da ya yi da hannunshi, mutane sunka duba, daga ran nan shina da suna ban da wawa.

Labarin matar da ta yi shekara 35 a ɓoye

Ga labari na gaskiya daga nesa. Cikin 1943 a jihar Ohayo ta Amurka anka haifi tagwaye mata, Judith Scott da Joyce. Judith tana da tirizomi 21, kuma kurma ce, amma an daɗe ba a gane kurumtar ba. Tana shekara 7 anka raba ta da ƴar uwarta, anka kai ta gidan ajiyar naƙasassu. Anka ce ba ta iya koyon komi. Ta yi shekara 35 a can.

Abokiyar tagwaicinta ba ta manta da ita ba. Ta je ta ɗauko ta, ta maido ta gidanta a Kalifoniya. Cikin 1987 ta kai ta wani gidan sana'a a garin Okland mai suna Creative Growth, wanda anka buɗe cikin 1974 don naƙasassu masu son zane. Anka ba ta fenti da takarda, ba ta kula ba. Kusan shekara biyu haka. Ba a kore ta ba, ba a matsa mata ba.

Wata rana wata mai aikin zare ta zo koyarwa. Judith ta ɗauki ƴan itace, ta fara naɗe su da zare da tsumma. Daga ran nan ba ta bari ba. Duk abin da ta tsinta sai ta naɗe shi, launi bisa launi, wani aikin har watanni. Ta ci gaba da wanga aiki har ta rasu cikin 2005. Ba ta taɓa magana ba, ba ta iya karatu ba. Yau ayyukanta suna cikin manyan gidajen tarihi na Niyok da na Lozan a ƙasar Suwis.

Akwai kuma Pascal Duquenne, mutumin Beljik, shi ma mai tirizomi 21. Cikin 1996, a babban bikin silima na garin Kan a Faransa, shi da abokin wasanshi sunka raba lambar gwanin ƴan wasa maza.

Ba kowane yaro za shi kai nan ba. Ko cikin masu lafiya ba kowa ke zama Ɗan Gurmu ba. Abin lura cikin labarin Judith guda ukku ne: ƴar uwa da ba ta yar da ita ba, wurin zama da kayan aiki, da haƙurin shekara biyu. Duk ukkun ana samunsu a Tsarnawa, da Dogerawa, da Tajaye.

Abin da ke akwai a gida

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wagga magana. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda anka buɗe cikin 1959, mai sunan Bubu Hama yanzu, ya daɗe da ba masu sana'ar hannu wurin aiki, har da naƙasassu. Cikin 1993 anka yi dokar kare naƙasassu, cikin 2019 anka yi wata sabuwa. Cikin 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Aya ta 30 ta yarjejeniyar ta ce a ba su hanyar nuna basirarsu ta fasaha, don amfanin kansu da na jama'a.

Sai dai in an ce naƙasassu, makafi da guragu da kurame ake tunawa. Su suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu, suna iya zuwa gaban hukuma su yi magana. Mai nauyin fahimta ba shi da sarki, kuma ba shi iya kai ƙara. In danginshi ba su yi magana ba, ba mai yi mishi.

Sana'o'in kuwa ga su nan cikin gari. Akwai saƙar tabarma da faifai da mafici, da tufkar igiya. Akwai ginin tukwane, da tulu, da asusu, da kaskon turare. Akwai dukanci, da ɗinkin hula, da shirya duwatsun wuya. Akwai adon ɗaki da farar ƙasa da jar ƙasa. A ruga akwai zanen ƙwarya, da tufkar dabaibayi, da busa sarewa. Akwai kiɗan ƙwarya na mata, da gangar noma, da kiɗan kokowa. Kowace sana'a cikin waɗanga tana da sashi mai sauƙi da ake maimaitawa kullum. Masu lafiya sukan gaji da irin wanga sashi. Mai nauyin fahimta sau da yawa shi ne ke riƙe shi da kyau.

Ƙaƙa za a koya mishi?

1. A fara da kallo. A lura da abin da yaron ke yi in an ƙyale shi. Wani shina gina shanun yumɓu. Wani shina haɗa motar kara. Wani shina buga gwangwani. Wata tana shirya tsakuwa ko tsumma launi-launi. Nan ne ƙofar.

2. Kayan farawa ba su cin kuɗi: yumɓu, kara, kaba, tsumma, gawayi. Takardar buhun siminti, irin ta Malbaza, tana yin zane in an kakkaɓe ta sarai.

3. A raba aiki ƙanana-ƙanana. Tabarma ba aiki guda ba ce: akwai tsaga kaba, da jiƙawa, da rinawa, da saƙa, da haɗawa. A koya mishi guda. Sai ya iya ta sarai a ƙara ta biyu.

4. A nuna, kada a cika magana. Mai koyarwa shi ɗora hannunshi bisa hannun yaron su yi tare. Bayan kwanaki shi riƙe gwiwar hannu kawai. Daga baya shi saki.

5. Kaɗan-kaɗan, amma kullum. Lokaci guda, wuri guda, mutum guda. In ya gaji a bari sai gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

6. Ba duka, ba zagi, ba dariya. Bulala tana sa shi tsoron aikin, shi manta da wanda ya iya. In ya yi daidai a yaba mishi nan take.

7. A bar mishi lokacin yin abin da ranshi ke so. In ya zana raƙumi mai ƙafa shida, kada a goge. A tambaye shi labarin raƙumin. Wani lokaci abin da ya fita daban shi ne mai saye ke so.

8. A kiyaye haɗari. Mai farfaɗiya kada shi kusanci wutar gasa tukwane, ko maƙera, ko bakin rijiya. Wuƙa da basilla sai gaban babba. A nisanta shi da sodar rini da tsohon batirin mota.

Ga irin maganar da ta kamata a ji cikin gidaje. Uwa ta kama hannun ɗiyarta, ta kai ta wajen ƙanwar ubanta mai saƙar tabarma.

"Gwaggo, ga jikarki na kawo miki. Ki sa ta cikin masu tsaga miki kaba."

"Ɗiyata, wagga da ba ta riƙe saƙo? Za ta ɓata mini kaba."

"Gwaggo, kabar da ta ɓata ni ke biya. Ki ba ta wata ukku. In ba ta iya ba, ba ki da laifi."

"To, ta zo kullum da hantsi. Amma ki faɗa wa yaran gidanku, duk wanda ya yi mata dariya a nan, ni da shi ne."

Rawar dariya da rawar sana'a

Akwai wata al'ada da ta kamata a bari. Ran biki ko ran kasuwa sai a buga wa irin wanga yaro kiɗa, a zuga shi shi yi rawa, jama'a suna shewa, a jefa mishi dala biyar. Wanga wulaƙanci ne, ko da shi yaron shina murna.

Rawar sana'a daban take. In shina da kunnen kiɗa, sarkin makaɗa shi ɗauke shi cikin yaranshi. A ba shi kayan kiɗanshi, ko da caki ne ko ƙaramar ganga. A yi mishi riga irin ta sauran. A koya mishi amshi. In an tashi rabon kuɗi a fid da rabonshi a gaban kowa. Haka ma masu wasan kwaikwayo na samari: su ba shi matsayi na mutunci, ko da magana biyu ce za shi faɗi. Kada a sa shi fitowa a matsayin wawan wasa.

Maganar kuɗi

Nan ne ake yawan cin amana. Yaro shi yini shina tufka, wani shi kai kasuwa shi cinye kuɗin. Wanga ba sana'a ba ce, bauta ce.

A sayar da kayanshi da kuɗin da ake sayar da na kowa. Abin da bai yi kyau ba kada a tilasta wa mutane saye don tausayi, a bar shi a gida a ci gaba da koyo. In da hali a tafi da shi kasuwa, shi ga an saya, a sa mishi kuɗin cikin hannu. A koya mishi bambancin dala ashirin da jika, ko da za a shekara ana koyo.

Abin da ya taru a saya mishi akuya ko tunkiya, a gaban mai gari da liman, kowa shi san tashi ce. Uwa tana iya zuba mishi cikin asusun ƙungiyar mata, irin ta Mata Masu Dubara da anka fara a jihar Maraɗi cikin 1991. Rabonshi na gado shi ma hakkinshi ne, a sa amintacce shi riƙe mishi da shaidu.

Ɗiya mace tana bukatar tsaro na musamman. Kada a aike ta talla ita kaɗai, kada a bar ta wajen koyo inda ba mata. Miyagu sun san ba ta iya ba da labari. In wani abu ya faru kada a rufe, a kai ta gidan likita, a kai magana gaban hukuma.

Aikin kowa

Uwaye su fid da yaron daga ɗaki, su bar kai shi bara. Kwanon bara shina cika yau, amma ba shi koya wa hannu komi. Ƴan uwanshi su san cewa riƙonshi za shi dawo kansu wata rana. Wanda ya iya tufka ko saƙa, ya fi sauƙin riƙo bisa wanda bai iya komi ba. Hannunka ba shi ruɓewa ka yanke ka yar.

Masu sana'a kowa shi ɗauki guda. Masu gari da hakimai, tun daga fadar Sarkin Ƙonni har fadar Sarkin Adar a Illela, su sa a san yawan irin waɗanga yara cikin garuruwansu, su hana tsokana da jifa. Mushen lakwal shi bar yaron shi zauna cikin aji lokacin waƙa da zane da aikin hannu. Dangi su kai sunanshi ofishin kula da jin daɗin jama'a, don in wani taimako ya zo kada a tsallake shi.

Ran 3 ga Disamba ce ranar naƙasassu ta duniya, ran 21 ga Maris kuma ranar masu tirizomi 21. Tsakanin ranakun biyu akwai wata ukku da rabi, kuma lokacin rani ne, hannu ba shi gona. Garin da ya fara koyarwa cikin Disamba shina iya shimfiɗa tabarma a dandali cikin Maris, a jera faifai, da igiya, da shanun yumɓu, da zanen gawayi, kowane da mai shi tsaye kusa da shi.

Malaman yaƙi da jahilci su karanta wanga fili a gaban ɗalibansu. Wanda ya iya karatu shi karanta wa maƙwabcinshi, musamman gidan da ke da irin wanga yaro. Garin da ya gwada shi rubuto wa jarida abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, don wasu garuruwa su ƙaru.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.